Karan ɗori a rubutun Turanci: amsoshin tambayoyin da ake ta yi min a shago

Salamu alaikum jama'ar Zongo. Ni dai shagon buga takardu gareni a nan Aboabo cikin Kumasi, wasiƙar neman aiki, takardar haya, katin suna da na aure, fostar adua, furojet ɗin ɗalibai duk muna bugawa, kafin nan kuma na koyar da Turanci a JHS wato ƙaramar sakandare shekaru masu ɗan dama shi yasa har yau wasu Masta suke kirana. Toh tsakanin aji da shago babu alamar rubutu da ta kai ɗan guntun layin nan jawo gardama, wanda Turawa ke kira hyphen, mu kuma nan kowa dash yake ce masa. Sunansa da Hausa karan ɗori, kuma wallahi wanda ya raɗa masa sunan nan ya gama bayani. In ka taɓa tsayawa wajen maɗori kaga yadda yake haɗa ƙashin da ya karye ya jera kara ya ɗaure tam, to aikin kenan, abu biyu yake riƙewa su tafi a matsayin ɗaya. Ga tambayoyin nan yadda ake kawo min su.

Masta wai meye amfaninsa ma? In na bar shi ai za a gane dai

Sau da yawa za a gane, wannan gaskiya ne. Amma akwai inda rashinsa ke canza lissafi gaba ɗaya. Ka rubuta ma yaron shagonka "bring five cedi notes", zai iya zuwa maka da takardar sidi ɗaiɗai guda biyar kuma ba ka da bakin yi masa faɗa. In ka rubuta "five-cedi notes" yanzu kowa ya san takardun sidi biyar-biyar kake nufi. Haka "a man eating fish" mutum ne zaune yana cin kifinsa, amma "a man-eating fish" kifi ne mai cin mutane, kaga ɗan layi ɗaya ya mai da mai ci ya zama abin ci.

Abinda ya jawo haka shine Turanci na son jera kalmomi uku huɗu a gaba kafin a iso sunan abin da ake magana a kai, sai mai karatu ya rasa wacce ta jingina da wacce. Mu a Hausa "mai" da "na" ne suke mana wannan aikin, kifi mai cin mutane, takarda ta sidi biyar, babu ruɗani. Su ba su da wannan sai suka koma ga karan ɗori. Kuma ba baƙonmu bane fa, muna sa shi a kala-kala, sannu-sannu, gyare-gyare, tafiye-tafiye, kawai dai wurin da Turanci ke buƙatarsa ne daban.

To ka bani doka ɗaya wadda zan riƙe, bana son dogon Turanci

Ga ta. In kalmomi biyu ko fiye suka haɗu suna siffanta abu ɗaya kuma suka zo GABAN sunan abin, ka ɗaure su. In sun zo bayansa yawanci sai ka sake su. Misali "a well-known tailor" amma "the tailor is well known". "Up-to-date records" amma "the records are up to date". Ka duba allunan da ke kan hanya daga nan zuwa Kejetia zaka ga misalai sun fi ƙarfin lissafi, "home-used fridges", "second-hand clothes", "long-distance drivers", "full-time teacher".

Yadda nake gwadawa a shago kuwa, sai in cire kalma ɗaya in ga ko sauran za ta tsaya da ƙafarta. "A big red bus", in na cire red ya zama big bus, in na cire big ya zama red bus, duk biyun daidai ne, toh kowacce zaman kanta take babu buƙatar ɗori. Amma "long-distance driver" in na cire distance sai ya koma long driver wato dogon direba, maganar ta lalace, wannan ke nuna maka long da distance tafiyarsu ɗaya dole a ɗaure su.

Akwai wasu kuma da ƙamus ya riga ya ɗaure su har abada, ko gaba ko baya da layinsu suke yawo, irin su second-hand da self-contained. Masu gidajen haya dan Allah, "single room self-contained" ne da layi da kuma ed a ƙarshe, a baki kowa self contain yake cewa babu laifi amma in za ta shiga takardar yarjejeniya a rubuta ta cikakkiya.

Me yasa ka goge min layin da na sa a "highly-qualified teacher"? Ba dokar da ka faɗa na bi ba?

Ƙanwata kin bi doka amma nan ne ake togewa. Kalmar da ta ƙare da ly mai nuna yadda abu yake, irin highly, newly, fully, badly, ba a ɗaure ta, don ly ɗin da kansa ya riga ya sanar da mai karatu cewa kalma ta gaba take ma aiki. Saboda haka "newly built house", "fully furnished room", "highly qualified teacher", duk a sake. Very ma haka, ba a cewa very-good. Sai dai ki lura ba duk mai ƙarewa da ly ce irin wannan ba, family suna ne shi yasa "family-owned business" yake da layinsa.

Shekarun yaro fa? Kullum sai na rikice da ten years old ɗin nan

Wannan ita ce tambayar da iyaye mata suka fi yi min in za a rubuta ma sukuu wato makaranta wasiƙa. In shekarun sun zo gaban sunan, layi biyu ne kuma a jefar da s, "my ten-year-old son". In sun zo baya, babu layi kuma s ta dawo, "my son is ten years old". Abinda mutane suka fi yi shine su haɗa biyun su rubuta ten-years-old son, wannan kam kuskure ne ko ina aka kai shi.

Kuma ba shekaru kaɗai ba, duk wani awo haka yake. "Three-bedroom house", "two-storey building", "a 50-kilo bag of rice", "a two-year rent advance". Kun sha jin 'yan siyasa da "24-hour economy" a kamfen ɗin 2024, ku duba da kyau hour ne babu s, don adadin da awon sun zama siffa ɗaya. In ka juya maganar kace "the shop opens for 24 hours" sai s ta dawo layi ya tafi.

Alhaji ne yace in tambaye ka yadda ake rubuta kuɗi da kalmomi a cek

Ka gaida min Alhaji. Daga 21 zuwa 99 duk adadin da yake kalma biyu da layi yake, twenty-one, thirty-six, ninety-nine. Hundred da thousand da million su ba a ɗaure su da komai. Misali sidi 2,545 sai a rubuta "two thousand, five hundred and forty-five Ghana cedis", layi ɗaya tal tsakanin forty da five. Kuma tunda mun zo nan, forty babu u a ciki, na gaji da ganin fourty a rasit. Shekara ma haka, 1957 da muka samu 'yancin kai "nineteen fifty-seven" ce. Na jeri kamar twenty-first da kason abu kamar two-thirds suma da layinsu.

Da gaske ne layin nan zai iya sa mutum ya rasa aiki?

Bari in baku abinda ya faru a gabana. Wata ranar Litinin da safe ana ɗan yayyafi wata malama ta shigo da takarda a ninke cikin jakarta, tana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, kwantiraginta na shekara ya ƙare an ce kowa ya rubuto in yana son ci gaba. Da biro ta rubuto, rubutu mai kyau tsaf, tace Malam buga min sauri nake kafin a tashi asembili. Ina cikin bugawa na iso layi na uku sai naga "I am ready to resign". Na ɗaga hannu daga kibod nace Hajiya barin aikin za ki yi? Ta dafe ƙirji tace subhanallahi da yara uku ina zan je, sake sa hannu zan yi. Nace toh abinda kika rubuta murabus ne. Resign a haɗe ajiye aiki, re-sign da layi sake sa hannu. Ta zauna kan benci ta yi shiru kusan minti ɗaya tana kallon takardar, ƙarshe ma muka canza jimlar gaba ɗaya zuwa "I wish to renew my contract" don kar a bar ma kowa ƙofar fassara.

Irinsu suna nan da yawa. Recover warkewa ko dawo da abinda ya ɓata, re-cover sake yi ma kujera rufi, masu aikin kushin ku riƙe wannan. Reform gyaran hali ko tsari, re-form sake kafawa. Resort wajen shaƙatawa, re-sort sake tantance kaya.

Sauran 'yan ƙananan da ake liƙawa a gaban kalma irin re, un, pre, mis, dis yawancinsu a manne suke babu layi, rewrite, unpaid, prepaid irin na mita, misuse. Inda layi ke shigowa wurare kaɗan ne. Ex mai nufin tsohon wani abu kullum da layi, ex-president, ex-wife. Self ma haka, self-employed, self-control, amma selfish ba ta ciki. In kalmar da ke biye da babban harafi ta fara dole a sa, non-Ghanaian, Pan-African, mid-June. Taron da Nkrumah ya kira a Accra a Disambar 1958 sunansa All-African Peoples' Conference, ƙungiyar 'yan ba ruwanmu da aka kafa a Belgrade a 1961 wadda shi ma yana cikin jagororinta Non-Aligned Movement ce, masu rubuta amsar Social Studies ku kula da waɗannan. Sai kuma in wasula biyu iri ɗaya za su yi karo, re-elect, re-enter, anti-inflammatory, layin ne ke hana ido karanta ree kamar kalma ɗaya.

Top up ko top-up? Cash out ko cash-out?

Duk biyun, ya danganta da aikin da take yi. In aikatawa ake a sake take, "I want to top up", "come and cash out", "we check in at six". In sunan abin ne sai a ɗaure, "a top-up of ten cedis", "cash-out charges", "check-in time". Masu rumfar MoMo in allo za a rubuta muku na jerin abinda kuke yi, sunaye ne, a sa layi. Haka follow up da follow-up. Zaɓen 2008 da aka je zagaye na biyu tsakanin Atta Mills da Akufo-Addo, run-off aka yi da layi, in ka raba su kace run off ya zama gudu.

Sunana Abdul-Rahman a satifiket, Abdul Rahman a Ghana Card, Abdulrahman a fasfo. Wanne ne daidai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk cikinsu, don ita ce ke cin kuɗin mutanenmu da lokacinsu. A wajen nahawu duk ukun babu na kuskure, sunan Larabci ne aka juyo shi zuwa boko kowa ya rubuta yadda kunnensa ya bashi, haka Al-Hassan da Alhassan, Abdul-Razak da Abdul Razak, Nurud-Deen da Nurudeen. Amma kwamfutar ofis ba ta san Larabci ba, ba ta san kai ɗin dai kai ne ba. In ta ga Abdul Rahman a rabe za ta iya ɗaukar Abdul sunan farko Rahman na tsakiya, in ta ga Abdulrahman a haɗe suna ɗaya ne a wajenta, sai a wayi gari takardunka uku na mutum uku ne.

Ɗan yayata haka ta faru dashi. Ya ci jarrabawa da kyau ya samu gurbin karatu, ranar tantancewa ya tafi da fayil ɗinsa a leda tun asuba, ma'aikacin ya jera takardun a tebur ya sa bakin biro a kan sunan yace wannan da wannan ba ɗaya bane. Bambancin kawai layi a ɗaya, fili a ɗayar. Yaron ya dawo shago idonsa jawur ko koko bai sha ba, sai da muka yi afidabit aka sa hannu aka buga tambari, ya koma ya sake bin layi wani satin. Asalin abin kuwa tun yana firamare ne wani ya cike masa fom yadda yaga dama babu wanda ya duba.

Shawarata, ka zaɓi takardar da ta fi wuyar canzawa cikin naka ka mai da ita uwa, duk fom ɗin da zaka cike daga yau ka kwafe sunan daga jikinta harafi da harafi, layi da layi. In sun riga sun saɓa ka je ka yi afidabit tun ba a matse ka ba, wani wajen har gazet za su nema. Iyaye kuma tun ranar da za a yi ma jariri takardar haihuwa a zauna a yanke yadda za a rubuta sunan, a rubuta a takarda a miƙa ma mai cikewa, kar a faɗa masa da baki cikin hayaniya.

Masu tafiya Hajji da Umra kuma kar hankalinku ya tashi in kun ga layin ya ɓace a ƙasan fasfo. Layuka biyun nan na ƙasa da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar karan ɗori, alamar < ake sawa a madadinsa, tikitin jirgi ma sau da yawa a haɗe ko a rabe sunan ke fitowa. Abin dubawa shine haruffan su cika kuma jerin sunayen ya zama ɗaya da na fasfo.

Su kuma sunayen iyali masu ɗori irin na maƙwabtanmu, Akufo-Addo, Opoku-Agyemang, Amissah-Arthur, suna ɗaya ne ba biyu ba. Ba a cewa Mr Addo in ana nufin tsohon shugaban ƙasa, kuma in ana jera sunaye bisa haruffa a ƙarƙashin harafin farko na kalmar farko yake shiga. Garuruwa ma akwai, Sekondi-Takoradi gari biyu ne da suka haɗe, Guinea-Bissau ƙasa ce da aka ɗaura mata sunan babban birninta don a bambanta ta da ɗaya Ginin, tsohuwar jihar Brong-Ahafo ma da layinta take kafin a raba ta uku.

Layukan da ke cikin lambar Ghana Card da adireshin GPS fa, dole ne?

Wannan ba nahawu bane, tsarin lambar ne. Ta Ghana Card tana farawa da GHA sai layi sai lambobi tara sai layi sai lamba ɗaya. Adireshin dijital da aka fara a 2017 shi ma kashi uku ne da layi biyu, haruffa biyu a gaba, namu na cikin Kumasi da A suke farawa. Ka kwafa yadda yake. In fom ɗin intanet ya ƙi karɓa ka duba ko shi da kansa yake saka layin kai kuma ka ƙara wani.

Surukai biyu, mother-in-laws ne?

A'a, mothers-in-law. S ɗin kan babbar kalmar take hawa, uwayen ne suka yi yawa ba dokar ba. Brothers-in-law, passers-by, haka. Muƙamai ma da yawa suna da layi musamman a salon Ingila da muka gada, kundin tsarin mulkinmu na 1992 Vice-President da Attorney-General da Commander-in-Chief yake rubutawa, shugaban jami'ar KNUST Vice-Chancellor ne, Kofi Annan ɗan garin nan da aka haifa a 1938 shi ne Secretary-General na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, in suna da yawa kuma Secretaries-General. In wasiƙa zaka aika ma mai muƙami ka duba yadda ofishinsa ke rubutawa a kan takardarsu ka bi.

Email ko e-mail? Malaminmu yace da layi, wayata kuma tana cirewa

Malaminku bai yi kuskure ba, wayarka ma haka. Kalmomin Turanci tafiya suke, su fara a rabe, a ɗaure su da layi, in ido ya saba sai a cire karan kamar dai yadda maɗori ke kwance nasa in ƙashi ya kama. Today da tomorrow da kuke gani, in ka samu tsofaffin littattafai na wajen shekara ɗari da suka wuce to-day da to-morrow zaka gani. A 2007 da aka fito da bugu na shida na ƙamus ɗin Shorter Oxford, kalmomi wajen 16,000 aka cire ma layi, wasu aka manne su kamar bumblebee da pigeonhole, wasu aka raba kamar ice cream da test tube. Kamfanin labarai na AP a Amurka shi kuma a 2011 ya koma rubuta email a haɗe. Amma sauran 'yan uwanta da yawa har yanzu da layi suke, e-commerce, e-zwich da Bank of Ghana ya kawo a 2008, da E-Levy ɗin da aka fara cira a 2022 aka soke a 2025. Masu harafi ɗaya a gaba irin T-shirt da X-ray da U-turn suma suna nan da nasu.

Akwai kuma bambancin Ingila da Amurka. Ingila sun fi riƙe layi, north-east, co-operate, Amurkawa su manne, northeast, cooperate. Mu nan salon Ingila muka taso dashi a makaranta shi nake ba masu jarrabawar BECE da WASSCE shawara su riƙe, amma abinda ya fi muhimmanci kar ka yi co-operate a shafin farko cooperate a na biyu. Sunan wuri kuma yadda masu shi suka sa ake bi, sabuwar jihar da Nalerigu ke babban birninta North East Region ce a rabe. In kalma ta shige maka duhu ka buɗe ƙamus, Oxford da Cambridge duk suna intanet kyauta, ni kaina a buɗe suke a kwamfutata daga safe har in rufe shago, ka zaɓi ɗaya ka zauna a kansa.

Na ga wani layin ya fi wani tsawo, duk ɗaya ne?

Uku ne. Gajeren shine karan ɗori namu, cikin kalma yake zama kuma ba a barin fili gabansa ko bayansa, well-known ba well - known ba, wannan filin da masu rubuta allo ke bari yana ɓata aiki. Matsakaicin ana ce masa en dash, shi ke nufin "zuwa" tsakanin lambobi, 1957–1966, shafi 10–15, ko Kumasi–Tamale road. In ka riga ka rubuta from to sai ka ƙarasa da to, kar kace from 8–5. Dogon kuma em dash, na katse magana ne a tsakiyar jimla, a wasiƙar ofis ni bana sa shi, waƙafi ya isa. A waya ka danne maɓallin layin ka riƙe za su fito ka zaɓa. A kwamfuta mai Windows ka danne Alt ka buga 0150 a lambobin gefe na matsakaicin, 0151 na dogon. Wani sirri kuma na masu buga takardu, in kana Word suna irin Abdul-Rahman yana karyewa a ƙarshen layi rabi sama rabi ƙasa, ka goge layin ka danna Ctrl da Shift da maɓallin layin tare, zai baka wanda baya karyewa.

In takarda ta ƙare min a tsakiyar kalma a jarrabawa fa?

Tsohon aikinsa kenan ma, tun Baibul ɗin da Gutenberg ya buga a Jamus wajen 1455 ana raba kalma dashi a ƙarshen layi. A gaɓa ake yankawa, infor-mation, ba a tsakiyar gaɓa ba, karan ɗorin kuma a ƙarshen layin sama yake zama ba a farkon na ƙasa ba. Kalma mai gaɓa ɗaya irin school ko through ba a yanka ta, sunan mutum ma haka. Amma ɗana in zaka ji tawa kar ka yanka komai, ka sauko da kalmar gaba ɗaya layin ƙasa, ɗan filin da ka bari babu makin da zai ci maka.

Za mu buga bana wato banner ta aduar Baaba, "40th day adua" ne ko da layi?

Allah ya jiƙan Baaba ya sa ya huta, ya baku haƙuri. A bisa doka 40th da day sun haɗu suna siffanta adua saboda haka "40th-day adua" ne, kamar yadda "one-week observance" na maƙwabtanmu yake da "three-day programme". In kun juya kuka ce "adua on the 40th day" babu layi. Shekarun rasuwa "aged 82" kawai ya isa, in za a sa shekarar haihuwa da ta rasuwa matsakaicin layin nan ake sawa tsakani. Abinda nake roƙo shine sunan mamacin da na 'ya'yansa, ku sa babban gida ya duba su ɗaya bayan ɗaya a takarda kafin a tura ma injin, don bana in ta fito ba a gogewa sai dai a sake biyan wata, kuma na taɓa ganin 'yan uwa sun yi ta cacar baki a ƙofar shagon nan a kan an rubuta ɗaya Abdul-Karim ɗan uwansa kuma Abdul Aziz a allo ɗaya. Ku turo min rubutun da daddare in duba, da safe bayan an sha koko sai a buga.